Birni Ya Faɗi, Suna Ya Tsaya: Gwagwarmayar Zamfarawa ta Neman Cin Gashin Kai a Madubin Tarihin Polan, 1762–1996

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda Zamfara ta rayu a matsayin suna da sarauta tun daga faɗuwar Birnin Zamfara a hannun Gobirawa wajajen 1762 har zuwa ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, tare da mai da hankali ga yammacin ƙasar, wato Anka da Gummi da Bukkuyum. An aza wannan tarihi kusa da na ƙasar Polan, wadda dauloli uku suka raba ta tsakaninsu, ta shekara 123 ba ta cikin taswirar Turai. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne, ƙasar da aka ci da yaƙi takan daɗe a raye gwargwadon ƙarfin abin da ya rage mata na riƙe sunanta, kuma abin da ya riƙe Polan harshe ne da addini da makaranta, alhali abin da ya riƙe Zamfara gidan sarauta ne da garuruwan da suka ba shi mafaka.

Gabatarwa

Ana amfani da kalmar daula a wannan maƙala da ma'anar hukumar da ta haɗa ƙasashe da dama ƙarƙashin shugaba guda, tana karɓar haraji ko gaisuwa daga gare su, tana kuma da ta cewa a naɗin masu mulkinsu. Cin gashin kai kuwa shi ne ikon al'umma na naɗa shugabanninta da sarrafa dukiyarta ba tare da jiran izinin wata fada ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai matakai masu yawa, domin gari yana iya yin mubaya'a, wato alkawarin biyayya ga shugaba, ya ci gaba da riƙe sarautarsa da gonakinsa, kamar yadda yana iya samun tuta da suna a takarda amma hukuncinsa yana fitowa daga wani wuri.

Tarihin Zamfara ya samu kulawar masana tun da daɗewa. Bajamushen nan Kurt Krieger ya zauna a Anka ya tattara ruwayoyin fada, ya buga littafinsa na tarihin Zamfara a 1959, sannan Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan Jihar Sakkwato, ya gabatar da kundin digirinsa na uku kan tashin daular da faɗuwarta a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. Yawancin nazarce-nazarcen sun fi ƙarfi a kan zamanin da daular take tsaye, shi ya sa wannan takarda ta karkata ga zamanin da ya biyo baya, lokacin da babu birni, babu ganuwa, amma akwai Sarkin Zamfara.

Faɗuwar dauloli biyu a ƙarni guda

Ruwayoyin gargajiya sun nuna cewa sarautar Zamfara ta faro ne daga Dutsi, a ƙasar Zurmi ta yau, kafin a koma Birnin Zamfara da ke kusa da Isa. Daga ƙarni na 17 zuwa farkon na 18 Zamfara tana cikin manyan ƙasashen Hausa, har Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa (1703–1731) Zamfarawa sun ci Kanawa da yaƙi a 'Yargaya. Albarkar fadamun ƙasar da yalwar makiyayarta su suka jawo mata baƙi, cikinsu har da Gobirawa, waɗanda Abzinawa suka matsa wa daga arewa, suka riƙa gangarowa suna neman wurin noma. An ba su masauki a filin da ake dangantawa da Alƙalin Zamfara, wanda daga nan ne sunan Alƙalawa ya samo asali, kuma cikin 'yan shekarun da ba su da yawa baƙin suka yi ƙarfi, har Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara wajajen 1762, Sarkin Zamfara Mairoki ya fice zuwa Kiyawa, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir.

Ruwayoyin ba su ɗora laifin faɗuwar kan ƙarfin Gobir kaɗai ba, sun kuma nuna ɓaraka tsakanin sarki da manyan fadarsa, ta yadda ranar da aka buƙaci masu tare gaba, zukata sun riga sun rabu. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan karin magana ya dace da Polan kamar yadda ya dace da Zamfara. Tun haɗewarta da Lituwaniya a 1569 Polan take cikin ƙasashe mafi faɗi a Turai, amma sarautarta ta zaɓe ce a hannun masu gidajen asali, kuma majalisarta tana da wata ƙa'ida wadda ta ba wakili guda ikon rusa duk abin da aka zartar idan ya ƙi amincewa. Maƙwabta suka gane cewa sayen wakili ɗaya ya fi tura runduna araha. A 1772, shekara goma kacal bayan faɗuwar Birnin Zamfara, Rasha da Furushiya da Ostiriya suka yanki rabonsu na farko daga ƙasar. Masu son gyara suka kafa sabon tsarin mulki ranar 3 ga Mayu 1791, sai wasu manya daga cikin gida suka gayyato Rasha ta rusa shi, aka sake yanka a 1793, kuma bayan an murƙushe tashin da Tadeusz Kosciuszko ya jagoranta a 1794, rabon ƙarshe na 1795 ya shafe ƙasar baki ɗaya.

Bambanci na farko ya bayyana tun daga nan. Sarkin Polan na ƙarshe ya yi murabus a 1795, dauloli ukun kuma suka yi yarjejeniya a 1797 cewa ba za a ƙara ambaton masarautar Polan a laƙabin wani sarki ba. Gobirawa sun ci birni, amma ba su iya kashe sarautar ba, domin Sarkin Zamfara ya fita da tambarinsa da zuriyarsa da masu naɗa shi, kuma a al'adar ƙasar Hausa inda waɗannan suke, nan ƙasar take.

Takobi, jihadi da tawaye

Shekaru arba'in da suka biyo bayan 1762 shekarun fafatawa ne tsakanin Alƙalawa da garuruwan Zamfara. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tsare Abarshi, ɗaya daga jigogin gidan sarautar Zamfara, kuma a taron Sallah na Magami wajajen 1788, lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙi karɓar kyautar sarki ya nemi a biya masa buƙatu biyar a madadinta, sakin fursunoni yana cikinsu, ta haka Abarshi ya samu kansa. A tsakiyar shekarun 1790 kuma Sarkin Gobir Yakuba ya rasa ransa a yaƙin Kiyawa, abin da ke nuna cewa Gobir ba ta taɓa samun natsuwa a ƙasar da ta ci ba.

Shehu ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, don haka da jihadi ya tashi a 1804 dalilai biyu suka haɗu a zukatan Zamfarawa, wato karɓar kiran addini da kuma ganin damar sauke Gobir daga wuyansu. Bayan wahalar da jama'ar Shehu suka sha a Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, Zamfara ce ta ba su masauki a Sabon Gari a 1805, daga can ne kuma aka fita aka ci Birnin Kabi. Sai dai zaman bai ɗore da daɗi ba, domin runduna mai yunwa ta faɗa wa rumbunan masu masaukinta, garuruwa da dama suka juya baya, jama'ar kuma ta tashi zuwa Gwandu a cikin wannan shekara. Muhammadu Bello ya kawo labarin wannan ɓaraka a littafinsa Infaƙul Maisuri. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, abokin gabar Zamfara ya gushe, amma ƙasar ba ta koma hannun tsohon gidanta a dunƙule ba.

Nan ma akwai kama da Polan. Dubban mutanenta sun bi Napoleon yaƙi da fatan zai mayar musu da ƙasarsu, ya kafa musu wata ƙaramar hukuma a Warso a 1807, wadda ta rushe tare da shi, sannan taron Viyana na 1815 ya miƙa yawancinta ga Sarkin Rasha Alexander na Ɗaya, wanda ya ƙara wa laƙabinsa Sarkin Polan. Sunan da aka yi alkawarin binnewa ya dawo ke nan, amma a kan wani kai daban. A Zamfara ma shugabannin jihadi sun ba gidan Abu Hamidu na Fulanin Alibawa sarautar Sarkin Zamfara a Zurmi, gidan Namoda ya riƙe Sarkin Kiyawa a Ƙaura, gidan Malam Sambo ɗan Ashafa kuma ya zama Sarkin Katsina a Gusau. Ƙasar da ta kasance ɗaya ta zama garuruwa masu yawa, kowanne yana kai gaisuwarsa Sakkwato kai tsaye, ba tare da wani sarki guda a tsakani ba kamar yadda aka yi a Kano ko Zazzau.

Rasuwar Shehu a 1817 ta buɗe ƙofar bore a sassan Zamfara, wanda ya zo daidai da rikicin Abdussalami na Kware, mutumin da ya ƙarasa rayuwarsa a Bakura a farkon 1818. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya ratsa yankin a 1824 da kuma 1826, ya tarar da hanyoyi babu aminci, har ya rubuta kalmar tawaye kamar yadda ya ji ana kiran haɗin gwiwar masu ƙin Sakkwato. Nasarar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke a 1836 ta karya ƙarfin Gobir da Maraɗi, waɗanda su ne madogarar masu bore, amma wutar ba ta mutu ba, domin har a farkon mulkin Sarkin Musulmi Abdurrahman (1891–1902) sai da aka fita yaƙi da Mafara. Polan ma ta yi manyan tashe-tashe biyu, na 1830–1831 da na 1863–1864, duka biyun Rasha ta murƙushe su, kowanne kuma ya bar ƙasar da ƙarancin iko fiye da yadda ya same ta.

Anka, Gummi da Bukkuyum: inda suna ya samu mafaka

Bayan zama a Kiyawa da Sabon Gari da wasu wurare, gidan Sarkin Zamfara ya tabbata a Anka kafin tsakiyar ƙarni na 19. Zaɓen wurin yana da hikima, domin yankin yana nesa da hanyar rundunonin Gobir da ke arewa, Gulbin Zamfara yana ba shi fadama, dazuzzukan da suka miƙa zuwa Gulbin Ka da ƙasar Zuru kuma suna ba shi wurin fakewa idan an matsa. Gummi da Bukkuyum, waɗanda ruwayoyin gidajen sarautarsu suke danganta kafuwarsu da Zamfarawan da suka gangaro kudu maso yamma, suna cikin wannan zirin ƙasa, kuma kasancewarsu a bakin iyaka ta sa Sakkwato ta fi buƙatar biyayyarsu fiye da rushe su.

Abin lura shi ne, babu ɗaya daga sarautun garuruwan nan uku da ke ɗauke da sunan garin da take zaune. Mai mulkin Anka Sarkin Zamfara ne, na Gummi Sarkin Mafara, na Bukkuyum kuma Sarkin Danko, ta yadda duk lokacin da maroƙi ya ɗaga murya ko aka rubuta wasiƙar fada, sai an ambaci wata ƙasa ko wani tarihi da ya wuce ganuwar garin. Wannan ɗabi'a ta game ƙasar Hausa bayan jihadi, domin Sarkin Katsina ya zauna a Maraɗi, Sarkin Gobir a Tsibiri, Sarkin Kabi a Argungu, Sarkin Zazzau a Abuja wadda ake kira Suleja yanzu. Sarauta a nan ta yi aikin da takardar shaidar mallakar gona take yi, wato tana ajiye da'awa ko da gonar tana hannun wani.

Sai dai hanyar Anka ta bambanta da ta sauran. Maraɗi da Tsibiri sun zauna a wajen daular suna kai mata hari, Argungu ta ɓalle a ƙarƙashin Yakubu Nabame a 1849 ta riƙe kanta har zuwan Turawa, amma Anka da maƙwabtanta sun zauna a cikin daular, suna yin mubaya'a, suna ja da baya idan an tsananta, suna komawa teburin sulhu idan an sassauta. Dalilin haka a fili yake. Mutumin Polan yana da harshen da ba na Rasha ko na Jamus ba, yana kuma bin ɗariƙar Katolika alhali Rasha na bin Otodoks, Furushiya na bin Furotesta, don haka ko da aka hana shi makami, ya samu fagen daga a aji da coci. Yaran garin Wrzesnia sun ƙi karɓar darasin addini da Jamusanci a 1901 duk da bulala, an gudanar da jami'ar ɓoye a gidajen Warso tun daga 1885, kuma Marie Curie, wadda ta yi karatu a cikinta, ta raɗa wa sinadarin da ta gano a 1898 suna polonium don tunawa da ƙasar da ba ta cikin taswira. Bazamfare kuwa harshensa ɗaya da na Bagobiri, alƙiblarsa ɗaya da ta Sakkwato, malamansa sun yi karatu a zaure ɗaya da malaman daular, aure da kasuwa kuma sun cuɗa jama'a. Saboda haka gwagwarmayarsa ba ta zama ta ƙabila da ƙabila ba, ta tsaya a kan tambayar wa ke naɗa sarki, wa ke karɓar haraji, kuma ina ake yanke hukunci.

Wannan ya sa kuskure ne a ɗauki Sakkwato a matsayin Rasha ta Zamfara. Daular Usmaniyya ta Sakkwato an gina ta da hannun Zamfarawa da hatsinsu, kuma garin Gummi ne ya fitar da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962 ya kuma fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. Abin da aka yi ta ja a kansa rabon iko ne a cikin gida ɗaya.

Daga En'e zuwa jiha

Mulkin mallaka na ainihi, wanda ya yi daidai da abin da Polan ta gani ta fuskar baƙon harshe da baƙon addini, ya zo ne a 1903. A ƙasar Zamfara aka gwabza a Kwatarkwashi a watan Fabrairu, inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu, sannan Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris. Turawan Ingila sun mayar da tsohon gidan sarautar Daura kan karagarsa a 1906, sun kuma bar Argungu a matsayin masarauta mai zaman kanta, amma ba su yi wa Zamfara haka ba. Sun tattara garuruwanta cikin En'en Sakkwato, wato hukumar gargajiya mai baitulmali da kotu da 'yan doka da gidan yari, sarakunan Anka da Gummi da Bukkuyum suka koma matsayin hakimai masu tara haraji da jangali suna aikawa baitulmalin Sakkwato. Ta wannan fuska mulkin Turawa ya ɗaure Zamfara da Sakkwato fiye da yadda daular kanta ta yi, domin gaisuwar da ake kaiwa lokaci-lokaci ta zama lissafin shekara mai rasit, kuma hakimin da ya saɓa ana iya tuɓe shi da takarda guda.

Isowar jirgin ƙasa Gusau, sannan Ƙaurar Namoda a 1929, ta karkatar da arzikin yankin zuwa gabas, inda cinikin gyaɗa da auduga ya bunƙasa, yammaci kuma ya zauna a gefe. A nan ne aka samu sabon rukunin mutane, 'yan kasuwa da ma'aikata da 'yan boko, waɗanda suka ɗauki tsohon suna suka ba shi sabuwar ma'ana, ta neman makarantu da asibitoci da hanyoyi da kason ma'aikata. Sun bi ta Jihar Arewa maso Yamma a 1967, da Jihar Sakkwato a 1976, suka ga an cire Kabi a 1991, har gwamnatin Janar Sani Abacha, bayan aikin kwamitin Arthur Mbanefo, ta sanar da Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996 tare da wasu jihohi biyar, aka turo Jibril Bala Yakubu ya zama shugabanta na farko na soja.

Yadda 'yancin ya zo ya yi kama da na Polan ta wata fuska mai muhimmanci. Duk jinin da aka zubar a 1794 da 1830 da 1863 bai dawo da Polan ba, sai da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rusa dauloli ukun a lokaci guda, Jozef Pilsudski ya karɓi ragamar soja a Warso ranar 11 ga Nuwamba 1918. Zamfara ma ba tawaye ne ya dawo da ita ba, sauyin tsarin Nijeriya ne. Amma da ba a riƙe sunan tsawon waɗannan shekaru ba, da ranar da dama ta samu babu abin da za a ɗora a kan taswira.

Abin da ya dawo da abin da bai dawo ba

Jihar 1996 ba daular Mairoki ba ce. Hedikwatarta tana Gusau, inda sarkin yake amsa sunan Sarkin Katsina, yankin Isa da kufan Alƙalawa, inda aka yi asalin rigimar, sun zauna a Jihar Sakkwato, kamar yadda Polan ta bayan 1945 ta rasa biranen Vilnius da Lviv. Abin da tsohon gidan ya samu shi ne girma, domin an ɗaga Anka da Gummi da Bukkuyum zuwa masarautu, Sarkin Zamfaran Anka kuma shi ke shugabantar majalisar sarakunan jihar.

Ragowar tambayar ita ce ta dukiya da tsaro. A 2010 gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen a cikin gidaje, kuma ƙungiyar likitocin ƙasa da ƙasa ta MSF ce ta ɗauki nauyin jinyar waɗanda suka tsira. Tsarin mulkin Nijeriya ya sanya ma'adinai da 'yan sanda da soja a hannun gwamnatin tarayya, don haka daga Abuja aka hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, daga can kuma ake jiran dakarun da za su kare ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba. Polan ma ta gane bayan 1945 cewa tuta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya ba su hana hukunci fitowa daga Mosko ba, har sai da ƙungiyar ma'aikata ta Lech Walesa ta taso a 1980 aka kai ga zaɓen 1989.

Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Zamfara da Polan sun faɗi ne a ƙarni guda ta hanyar ɓarakar cikin gida da ƙarfin maƙwabta, sun jarraba takobi bai fisshe su ba, sun kuma dawo ne lokacin da tsarin da ke samansu ya sauya. Inda suka rabu shi ne abin da ya riƙe su a tsakani, kuma a Zamfara wannan aiki ya faɗa ne kan fadojin yammaci, waɗanda suka karɓi ƙaramin matsayi don kada sarautar ta yanke. Wannan ya ɗora wa masana nauyin tattara jerin sarakuna da wasiƙun fada da ruwayoyin dattawan Anka da Gummi da Bukkuyum tun masu riƙe da su suna raye, musamman a wannan lokaci da rashin tsaro ke tarwatsa ƙauyukan da tarihin yake ajiye a cikinsu. Ya kuma nuna cewa ma'aunin cin gashin kan da aka nema tun 1762 yana komawa ne ga tambayoyin da aka fara da su, wato wa ke yanke hukunci a kan zinariyar ƙauyukan Anka, kuma wa ke tabbatar wa manomin Bukkuyum cewa zai je gona ya dawo.